Yau na rubuta sunan sana'ata

Yau na zauna cike fom ɗin rajistar masu sana'ar kansu na hukumar haraji. Da na iso gurbin "sana'a", sai hannuna ya tsaya. Na daɗe ina zane ana biyana, amma kullum "ɗan abin da nake taɓawa" nake ce masa. Na rubuta "mai zane", wallahi sai da ƙwalla ta cika min ido.

Na zazzage rasidan fenti da takarda, wasu har sun koɗe, tunda a kan riba ake yanka harajin, bayan an cire abin da aikin ya ci. Babu albashin da za a zare min a ciki. Duk kuɗin da ya shigo, ni zan ware kason da hannuna. Ashe tuntuni aiki nake yi.