Ranar da na tayar da motata bayan hunturun farko a Kanada

Hunturuna na farko a birnin Winnipeg ban yi tuƙi a cikinsa ba. Na sayi tsohuwar mota ƙirar 2007 a watan Agusta, na yi kusan wata uku ina zuwa aiki da ita, amma da dusar ƙanƙara ta fara kwanciya a kan tituna cikin Nuwamba, na kuma ga yadda motoci suke zamewa a mahaɗar hanya ko da direba ya taka birki da wuri, sai na yanke shawarar ajiye ta har sanyi ya wuce. Ba ni da tayoyin hunturu, ban taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, kuma motocin bas suna kai ni inda nake buƙata. Na shigar da ita garejin da ke bayan gidan da nake haya, wanda babu abin ɗumama ɗaki a cikinsa, na ja birkin hannu, na kulle ƙofa, ina ganin motar da ba a taɓa ba babu abin da zai same ta.

A wannan gari akan sami darare a Janairu da ma'aunin sanyi yake sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifili. Wanda ya taso inda mota za ta yi wata biyu a ajiye, abin da zai dame ta bai wuce ƙura da raunin batir ba, ba zai yi saurin fahimtar irin aikin da sanyi yake yi wa roba da ƙarfe da mai ba. Ni ma ban fahimta ba sai a tsakiyar Afrilu, ranar da na buɗe garejin da makulli a hannuna.

Allah ya sa akwai wani dattijo a unguwarmu da muke jin harshe ɗaya, wanda ya daɗe yana gyaran motoci a wannan ƙasa, kuma na roƙe shi ya zo ya tsaya mini. Da ya ga na nufi kujerar direba sai ya ce, “Dakata, ɗana, ba a fara tayar da motar da ta kwana biyu da makulli. Buɗe bonet tukuna.” Na ce, “To, Baba, duk yadda kuka ce.”

Batir muka fara aunawa. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna wajen bolt 12.6, nawa kuwa bai kai 12 ba. Dalili shi ne agogon mota da ƙwaƙwalwar kwamfutarta suna shan wuta kaɗan-kaɗan ko da an kashe injin, kuma batirin da cajinsa ya yi ƙasa ruwan cikinsa yakan daskare cikin sauƙi, har ya kumbura jikinsa ko ya tsage shi. Mun ciro shi mun duba, ba mu ga kumburi ko tsaga ba, muka kai shi cikin gida ya huce daga sanyi kafin a ɗora shi a caji a hankali har kwana guda, domin batirin da ke daskare ba a sa masa wuta, yana iya fashewa. Saboda haka aikin da na ɗauka na minti goma ne ya zama na kwana biyu.

Kafin mu rabu a ranar farko mun duba abubuwan da ido yake gani. A cikin akwatin matatar iska mun tarar da ɓeraye sun tara tsummoki da ɓawon iri, amma ba su ci wayoyin wuta ba. Tayoyi huɗun duk sun rage iska, muka cika su daidai da adadin da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Baƙin mai, ruwan lagireto da man birki suna kan ma'auninsu. Abin da ya tsayar da Baba shi ne wani tabo ja-ja mai maiƙo, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, a kan simintin da ke ƙarƙashin gaban motar.

A nan ne na fara sanin cewa sitiyari yana da mansa na kansa. Shekaru na yi ina tuƙi ban taɓa buɗe wannan ɗan tulun ba, domin na saba in miƙa wa makanike mota ya yi abin da ya gani. A motoci irin tawa akwai famfo da bel ɗin injin yake juyawa, shi ne yake tura mai da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa sandar da ke karkata tayoyin gaba, kuma wannan matsin man ne yake sa sitiyari ya yi laushi a hannu. Yawancin sababbin motoci sun koma amfani da ƙaramin injin lantarki, don haka ba su da wannan tulu sam, kuma duk wanda ya neme shi a motarsa bai gani ba ya duba littafin motar kafin ya tayar da hankalinsa.

Baba ya sa na goge murfin tulun da kewayensa da tsumma mai tsabta kafin in buɗe, saboda ƙwayar yashi ɗaya idan ta faɗa ciki tana iya lalata famfon. A jikin murfin akwai ɗan sanda mai alamomi, gefe ɗaya na lokacin da man yake da sanyi, ɗaya gefen na lokacin da ya yi zafi, domin mai yakan ƙaru idan ya ɗumama. Na goge sandan, na mayar da shi har ƙasa, na sake cirowa, sai ga man ya tsaya ƙasa da alamar sanyi. Na ɗiga shi a kan farar takarda kamar yadda ya umarce ni. Launinsa ja ne da ya ɗan dushe, babu warin ƙuna, babu burbushin ƙarfe, wanda ke nufin man bai mutu ba, raguwa kawai ya yi. Wannan mai ba ya ƙonewa kamar fetur, don haka idan ya ragu to akwai inda yake yoyo, kuma tsananin sanyi yana sa tsohuwar roba ta taurare ta tsuke har mahaɗar tiyo ta saki.

Batun irin man da za a ƙara shi ne inda na fi ganin haɗari ga baƙo, domin a kan kanta gwangwanayen duk kama suke yi da juna. Wasu motoci, har da tawa, suna amfani da man giya mai canza kanta irin na Dexron. Motocin Honda suna da nasu man na musamman, wasu motocin Turai kuma suna amfani da wani mai kore wanda ba a gauraya shi da ja. Abin da ke rubuce a kan murfin ko a littafin motar shi ne hukunci. Mafi muni shi ne a rikita tulun sitiyari da na birki, saboda man sitiyari idan ya shiga bututun birki yakan kumbura robobin da ke riƙe matsi, birki ya lalace gaba ɗaya. Na sa mazurari na zuba kaɗan-kaɗan ina aunawa, na tsaya a kan alamar sanyi ban wuce ta ba.

Washegari muka mayar da batir, muka buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya saboda hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana kisa a rufaffen wuri. Na murɗa makulli zuwa matakin farko na jira daƙiƙa kaɗan famfon fetur ya cika bututu, sannan na tayar. Ta kama a karo na biyu. Fitilar baƙin mai ta mutu nan take, farin tururi ya yi ta fita daga salansa na ɗan lokaci, wanda danshin da ya taru ne kawai. Amma da na karkata sitiyari sai wani kuka mai tsini ya tashi daga gaban injin, kuma da muka leƙa tulun sai muka ga man ya yi kumfa. Iska ce ta shiga bututun lokacin da man ya yi ƙasa.

Maganin ba shi da wuya, haƙuri yake so. Mun kashe injin muka jira kumfar ta kwanta, muka ɗaga gaban motar da jak muka tokare ta da kyau, na yi ta juya sitiyari a hankali daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama kamar sau ashirin ba tare da injin yana aiki ba, Baba yana kallon tulun yana ƙara mai idan ya sauka. Ya gargaɗe ni kada in riƙe sitiyari a maƙure a ƙarshensa fiye da daƙiƙa kaɗan idan injin yana aiki, domin hakan yana dafa man ya kuma wahalar da famfon. Da muka sake tayarwa kukan ya ragu, bayan ɗan lokaci ya ɓace.

Birkin hannun da na ja tun Nuwamba ya manne, sai da motar ta yi wata ƙara kafin ya saki, kuma tsatsar da ke kan faifan birki ta yi ta gurza har na taka sau da yawa a cikin layinmu. Bayan na tabbatar inshorata tana aiki, na yi tafiyar rabin sa'a domin injin ya yi zafi sosai, danshi ya fita daga mai, batir kuma ya samu caji.

Da dare na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar. Da safe na sami ɗigo uku a daidai inda tiyon da ke mayar da mai yake haɗuwa da tulu, muka canza maɗaurin da guntun tiyon, kwalin ya kwana a bushe. Da Nuwamba ta sake zagayowa na cika tanki na zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, na canza baƙin mai, na ciro batir na shigar da shi gida, na tokare tayoyi da katako maimakon jan birkin hannu, na toshe bakin salansa saboda ɓeraye, na kuma manna takarda a kan sitiyari mai tuna mini in cire toshiyar kafin in tayar. A ƙasan takardar na rubuta inda man sitiyari ya tsaya a ranar, domin in sami abin kwatantawa a watan Afrilu.