Kalaba da cikin Bazazzage

Duk wanda na gaya wa zan je Kalaba hutu, shawarar ciki ya fara ba ni. Yayata da ke aure a Tudun Wada ta ƙullo mini dambun nama a leda, tana cewa, "Ƙanena, ka kula fa, can har kare suke ci." Abokan aikina a Samaru kuwa bakinsu ɗaya: ina sauka in nemi Bogobiri, kada in yi nisa da ita.

Bogobiri ita ce unguwar Hausawa a tsakiyar garin. Akwai masallaci, ga 'yan canji, ga mahauta, da yamma kuma hayaƙin tsire ya turnuƙe layin, mutanen gari na ta tsayawa da motoci suna saye. Baƙo daga Arewa zai iya ƙare hutunsa a nan, shayi da safe, tuwo da dare, ya dawo gida ya ce ya je Kalaba. A ganina wannan asarar kuɗin mota ce. Ni abin da na nema a wurin shi ne ɗan jagora. Da yake Efik ce babbar ƙabilar garin, wani dattijon mahauci da ya daɗe a can na tambaya, "Baba, ina mutum zai ci abincin Efik hankalinsa kwance?" Ya ce, "Yaro, bi kifi. In kuma miya ce, tambayi abin da aka zuba kafin a zuba maka."

Maganar Yaya ba ƙarya ba ce. Ana cin kare, 404 suke ce masa, amma wuraren sayar da shi daban suke, ba a ɓoye shi cikin miyar kowa. Inda Musulmi zai sa ido shi ne naman miya, don bai san wanda ya yanka ba, wani lokacin ma har da naman daji. Abin da ya fito daga ruwa kuwa, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, halal ne, garin kuma a bakin kogi yake, teku na nan kusa. Saboda haka sai in ce a yi mini da kifi zalla, kuma da an ji ni Musulmi ne ba a ja da ni.

Edikang ikong na fara ci. Miyar ganye ce mai kauri, ugu da wani ganye mai laushi, da manja, da busasshen kifi, da jatan lande, ruwa kaɗan ƙwarai. Mu da muka saba da kuka da kuɓewa, loma na sulɓewa ita kaɗai, nan sai ka tauna. Afang ta fi ta ɗan ɗaci da ƙarfin ganye, ita kuma ta fi kwanta mini da teba. A ciki akwai wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa da ake dafawa da ɓawonsu. Tsotsa ake yi a fito da naman, da ƙara kuwa, babu mai kallon kowa. Ekpang nkukwo, wato gurzajjen makani da aka naɗe a ganye aka dafa da manja, yana cin lokaci, shi ya sa ba kullum ake samunsa ba. A tambaya tun da safe.

Wajen yawo, tsohon gidan Razdan da ke kan tudu ya fi tsaya mini a rai. Na katako ne, a Birtaniya aka ƙera shi aka kawo a jirgin ruwa a 1884, yanzu gidan tarihi ne. Daga nan Turawa suka mulki wannan yanki kafin su mai da hedikwatar Kudu Legas a 1906. A garin nan ne kuma suka ajiye Sarkin Benin Ovonramwen bayan sun ci birninsa a 1897, ya zauna har rasuwarsa a 1914. Ina jin haka sai Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya faɗo mini, wanda shi ma suka tuɓe suka kai Lokoja. A Marina, bakin kogi, akwai gidan tarihin cinikin bayi, ƙarami ne amma ba a fitowa ana dariya. Kabarin Mary Slessor, wadda ta yi yaƙi da kashe tagwaye, shi ma yana cikin gari.

Sai yanayi. Ruwan da ke sauka a Kalaba ya ninka na Zariya fiye da sau biyu, iskar kuma jiƙaƙƙiya ce, gumi ba ya bushewa. Shadda mai sitati ta zauna a gida, yadi mara nauyi da laima su ne kayan tafiya. Wanda ke son kallon kanibal, bikin raye-rayen kan titi da aka fara a 2004 zamanin Gwamna Donald Duke, Disamba zai je, amma ya kama masauki da wuri don kuɗin ɗaki tashi yake yi. Ni da nake son ganin gari a natse, na bari sai da aka watse.