Ranar da ƙ ta koma Æ™

Talata. Tun ƙarfe goma na so in kwanta amma abin nan ya tsaya min a wuya, to bari in rubuta ko zai wuce.

Da safe fa komai lafiya lau. Hanif ya tashi ba rigima, Maman Hanif ta soya ƙosai, ina fitowa bakin layi na samu keke ko minti ɗaya ban yi ba, daga Kawo har Unguwan Rimi ba wani cunkoso. Har waƙa nake yi ƙasa-ƙasa da na shiga ofis.

Wajen tara da rabi Oga ya leƙo, wai mutanen makarantar nan da muka yi wa manhaja sun ce ba za su saki ragowar kuɗinmu ba sai mun ba su takardun bayanin manhajar, saboda sun ɗauki wani yaro da zai riƙa kula musu da ita. Na ce Yallaɓai ai wannan aikin minti biyar ne. Da bakina na faɗa, Maryam na zaune tana ji.

Don wanda bai sani ba, manhajar da Java muka rubuta ta, kuma Java tun fitowarta a 1995 take tafe da wani ɗan kayan aiki, Javadoc. Bi yake yi fayil bayan fayil, duk inda ya ga sharhin da aka buɗe da /** a saman wani fankshin, wato guntun kod mai yin aiki guda, sai ya kwashe, ya haɗa da sunan fankshin ɗin da abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa, ya jera maka shafuka na HTML tsaf, kana danna wannan yana kai ka wancan. A IntelliJ ma, manhajar da muke rubuta kod a cikinta, ba sai ka rubuta komai ba, ka shiga Tools ka danna Generate JavaDoc ka zaɓi folda, shi ke nan. Shi ya sa na cika baki.

Na danna. Jan rubutu ya cika ƙasan allo kamar an yanka kaza.

Wannan ma ban damu ba, na san shi. Tun Java 8 da ta fito a 2014 suka sa masa wani mai gadi, doclint, wanda ko alamar & ka bari ita kaɗai a cikin sharhi sai ya tsayar da kai, ko ka rubuta @param, alamar bayanin abin da fankshin yake karɓa, da sunan da babu shi a fankshin ɗin. Abin da ya kamata shi ne in bi su ɗaya-ɗaya in gyara. Abin da na yi kuwa, na sa -Xdoclint:none na rufe masa baki. Kar wanda ya gaya wa Oga.

Shafuka suka fito. Maryam ta jawo kujera kusa wai tana so ta ga yadda ake yi don ta sa a littafin IT ɗinta na koyon aiki, ni kuma na buɗe index.html ina wani gyara zama irin na manya.

Kai jama'a. Kunya.

Shafi bayan shafi sunaye ne kawai a jere, ƙarƙashinsu fayau. Inda ma na daure na yi sharhi gara a ce ban yi ba. Akwai fankshin mai suna lissafaKudi, bayanin da na rubuta masa shi ne "yana lissafa kuɗi". Akwai wani kuma da na manta na buɗe shi da taurari biyu maimakon ɗaya, to shi Javadoc ina ruwansa, ya kwaso shi ya baje a fili: "wannan shirme ne, zan gyara gobe in sha Allah". Maryam ta karanta a bayyane, ta juyo ta ce, Yaya Nura, goben ta zo kuwa? Na duba tarihin Git, inda ake ajiye duk canjin da aka yi wa kod, shekara biyu da wata huɗu. Muka yi dariya har Bala ya cire abin kunnensa yana tambayar lafiya.

Sai muka shiga ɓangaren biyan kuɗi, dariyar ta tsaya.

Nan shafukan cike suke taf, sakin layi bayan sakin layi, sai dai rubutun ya dagule. Duk inda ƙ take ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ka ga kalmar kuɗi ta zama kuÉ—i kamar aljani ya taka madannai. Wannan laifin kwamfutata ne. Fayilolin da tsarin harufa na UTF-8 aka ajiye su, inda harufanmu masu lanƙwasa kowanne ke cin bayit biyu, ita kuma tsohuwar Java a kan Windows in ba ka gaya mata ba sai ta ɗauka tsarin Cp1252 ne na Turawa, ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Sai a Java 18 ta 2022 suka mayar da UTF-8 ya zama na asali, mu kuwa har yau a kan 8 muke zaune don tsoron taɓa abin da ke aiki. Na ƙara -encoding UTF-8 -charset UTF-8 a akwatin ƙarin umarni, na sake dannawa, harufa suka dawo hayyacinsu.

Tun kafin su dawo ma na san mai rubutun. A ofis ɗin nan mutum ɗaya ne ya taɓa damuwa ya sa madannan Hausa a kwamfutarsa don kawai ya rubuta ƙ da ɗ daidai a cikin kod.

Sadiq.

Maryam ta yi shiru tana karantawa, ni ma ina bi ta bayan kafaɗarta. A saman fankshin ɗin da ke ajiye kuɗi ya rubuta cewa kada wanda ya zo bayansa ya mayar da adadin zuwa double, nau'in lamba mai ɗigo, a kwabo ake ajiyewa cikin long, nau'in cikakkiyar lamba, naira ɗaya kwabo 100, domin a double in ka haɗa 0.1 da 0.2 ba 0.3 za ka samu ba, 0.30000000000000004 za ka gani, kuma a ƙarshen zango akawun makaranta zai zo yana neman kwabonsa. A wani wurin ya yi bayanin dalilin da ya sa ake duba lambar shaidar biya kafin a rubuta ta: in netwok ya yi nauyi saƙon tabbatar da biya yakan shigo sau biyu, in ba a duba ba sai a rubuta wa uba ya biya sau biyu alhali sau ɗaya ya biya. Har ya sa misali da yaro ɗan aji uku. Kowane @param da cikakkiyar jimla, kowane @return ya faɗi abin da zai dawo in ba a samu ɗalibin ba.

Ta ce, Yaya, wa ya rubuta wannan? Wallahi duk cikin manhajar nan shi kaɗai na gane daga farko har ƙarshe.

Na ce wani ne da ya yi aiki da mu.

Ta ce yana ina yanzu?

Na ce Abuja. Na tashi wai zan sha ruwa.

Waɗanda suka daɗe suna bina sun san Sadiq ya tafi, abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne irin tsiyar da na riƙa yi masa a kan sharhin nan. Malam marubuci nake kiransa. Ran nan a gaban kowa na ce masa littafin soyayya kake rubuta mana ne ko kod, aka yi ta shewa, shi ma ya yi murmushin nan nasa na gefen baki bai ce komai ba. Kuma da Oga ya tambaye ni me ya sa ɓangaren biyan kuɗi ya makara da sati biyu, ni ne na ce ai Sadiq rabin ranarsa a rubutun Hausa take tafiya. Ban yi ƙarya ba, amma na san yadda na faɗe ta da kuma abin da nake so a ji. Bayan wata uku ya ajiye aiki. Ban ce saboda ni ba ne, albashin can ya fi, kowa ya sani. Amma yau ina kallon ɓangaren da ko sau ɗaya ba a taɓa kiranmu da dare a kansa ba, ga nawa a gefe da "zan gyara gobe".

Da azahar Oga ya zo ya duba. Abu biyu ya ce: a mayar da shi PDF, kuma a cire Hausar a sa Turanci don ya fi kama da aikin kamfani. Na ce Javadoc shafukan burauza yake fitarwa, zan dunƙule foldar in tura musu haka, yaron nasu zai fi jin daɗin dannawa. Hausar kuma na ce Yallaɓai a bar ta, sai dai in ƙara Turanci a ƙasa, yaron ɗan Tudun Wada ne. Ya kalle ni ya ce ba kai ne kake cewa ɓata lokaci ba ne? Na ce ni ne. Ya ɗaga kafaɗa ya fita.

Abincin rana shinkafa da wake, mai ya yi yawa.

An ɗauke wuta ƙarfe uku, janareta ya ƙi tashi sai da Bala ya hura masa filogi.

Hadari ya haɗu ta wajen Mando har na ɗauka za mu jiƙe, bai sauko ba.

Bayan isha'i na buɗe WhatsApp na nemo sunansa. Saƙon ƙarshe nasa ne, na ranar da ya tafi, "Yaya Nura na gode da komai, a yafe ni, Allah ya bar zumunci." Ƙarƙashinsa ba komai. Wallahi na ɗauka na amsa, a raina na amsa, ashe ban amsa ba. Na rubuta Salam Sadiq, na goge. Na ɗauki hoton shafin nan na kwabo da double in tura masa ba tare da magana ba, shi ma na fasa, sai ya ga kamar wani aikin nake so ya yi min kyauta.

Maman Hanif ta ce in kashe fitilar waya tana damun yaro. Hoton yana nan a akwatin saƙo ban tura ba, ban kuma goge ba. Oga na son foldar kafin sha biyun rana, kuma fankshin 63 na ƙirga nawa da ba su da ko layi ɗaya.