Gwada libarba da harsashin kamfani da na ɗurin hannu

Wannan gwaji a filin koyon harbi mai lasisi aka yi shi, a Amurka, inda doka ta yarda mai wasan harbi ya ɗura harsashinsa da kansa. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin bindigogin da ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar da na yi aiki da ita Smith & Wesson 686 ce, mai bututu inci 4, wadda ke cin harsashin .357 Magnum, tana kuma cin na .38 Special.

Kafin na taɓa harsashi, bindigar na fara dubawa. Akwai ɗan gibi tsakanin silinda mai juyawa, inda ake zuba harsasai, da gindin bututu, na auna shi da siraran ƙarafan awo irin na makanikai. Inci 0.004 zuwa 0.008 shi ne abin da aka saba gani. In gibin ya yi faɗi, iskar albarushi za ta riƙa tserewa ta gefe, gudun harsashi ya ragu, sai a ɗora wa harsashi laifin da ba nasa ba. Wutar da ke fita ta nan tana iya tsaga fata, don haka yatsa ba ya zuwa kusa da wurin. Tabarau da abin toshe kunne kuwa dole ne.

Na kafa takardar saiti a yadi 25, na ɗora hannuwana a kan buhun yashi, na'urar auna gudu tana ƙafa 10 daga bakin bindiga don kada hucin harbi ya ruɗa ta. Da na kamfani na fara, domin shi ne ma'aunin da za a gwada sauran da shi. Kamfanoni sukan rubuta kusan ƙafa 1,235 a daƙiƙa ga .357 mai nauyin giren 158 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), da kusan 755 ga .38 mai dalma zalla mai wannan nauyi. Gudun da na auna ya ɗan gaza abin da ke jikin kwali, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda da bututun gwajinsu suka auna. Kowane iri sai na harba silinda cike sau da yawa, saboda harbi uku ba ya nuna komai sai sa'a.

Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne harsashi mai nauyi, marar sauri, ya fi sauka sama a takarda. Dalili kuwa ya fi daɗewa cikin bututu, kafin ya fita bakin bindiga ya riga ya fara ɗagawa. Mai giren 125 ya sauka ƙasa da mai 158 ƙarara. Saiti lafiyarsa lau, kada a taɓa shi sai an tsayar da irin harsashin da za a zauna a kai.

Ga ɗurin hannu, adadin albarushi daga littafin kamfanin da ya yi albarushin kaɗai nake ɗauka. Ina farawa daga mafi ƙanƙanta, in hau kaɗan-kaɗan, kuma abu ɗaya nake canzawa a kowane zagaye. Wanda ya canza albarushi da harsashi da zurfin zamansa a kwanso a lokaci guda, ko sakamako ya yi kyau bai san me ya gyara ba. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a Amurka, ta sa wa .38 Special 17,000 ne a ma'aunin matsi na psi, na .357 kuwa 35,000. Shi ya sa aka ƙara wa kwanson .357 tsawo zuwa inci 1.290 a kan 1.155 na .38, don kada ya shiga tsohuwar bindigar da ba za ta iya ɗaukarsa ba.

Haɗari biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Albarushi mai saurin ci ɗan kaɗan yake cika a kwanson, har ana iya zuba shi sau biyu ido bai gane ba, wannan kuwa yana fasa silinda. Saboda haka nakan jera kwansuna in haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya kafin in ɗora harsashi. Na biyu shi ne kwanson da bai samu albarushi ba: ƙarar za ta fito a shaƙe, bindiga ba ta yi tutsu ba, harsashi ya maƙale a bututu. Da jin haka a dakata, a buɗe silinda, a zazzage, a zura sanda a duba. Sake jan kunama a kansa shi ne ɓarnar.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma suna ɓata gwaji. In bakin kwanso bai kama harsashi gam ba, girgizar harbi tana zaro sauran harsasan gaba har silinda ta ƙi juyawa. Na gane haka ne ta auna tsawon harsashi na shida bayan an harba biyar. Dalmar da ta gaza faɗin maƙogwaron silinda, wato bakin ramin da harsashi ke fita ta ciki, tana barin iska mai zafi ta bi gefenta, ta shafe bututu da dalma, harbi ya fara watsewa. Mai inci 0.358 ta fi 0.357 zama a wannan bindigar. Haka nan bayan .38 mai yawa, zoben dauɗa yakan taru a cikin ɗakunan silinda, kwanson .357 ya riƙa ƙin fita, har a zaci matsi ne ya yi yawa. Buroshin tagulla yana cire shi.

A takarda, ɗurin da ya fi haɗa kai ba shi ne mafi gudu ba. Mai shimfiɗaɗɗen hanci na giren 148, wanda ke tafiya a hankali, shi ya tara ramukansa wuri guda, ya kamo na kamfani mai tsada, wani zagayen ma ya fi shi. Harsashin farauta ko na magnum mai ƙarfi kuwa ban ga ribar ƙure iyaka ba: ƙarar da bugun hannu sun ƙaru, taruwar ba ta ƙaru ba. Kowane kwali nakan rubuta masa irin albarushi, nauyi, tsawo da kwanan wata, in kuma wanke hannu da sabulu kafin in ci abinci saboda ƙurar dalma.