Danshi Da Karyewar Shinkafa: Wane Zane Ya Dace Da Wace Tambaya?

A masana'antar casar shinkafa, duk ranar da karyayya ta yi yawa a buhu, kowa yana da wanda yake zargi. Mai kula da inji zai ce shanshera ce aka kawo da danshi, mai sayen shanshera zai ce robobin injin ɓare ƙaiƙayi ne suka cinye. Darasi na farko da aikin kula da inganci yake koyarwa shi ne a tantance tambayar kafin a ɗauko kayan aiki, domin kayan kula da inganci guda bakwai da ake jinginawa ga Kaoru Ishikawa na Japan kowanne da abin da yake amsawa.

Jadawalin Pareto yana nuna wace matsala ce ta fi yawa, karyayya ko tsakuwa ko baƙar ƙwaya. Zanen sa ido da Walter Shewhart ya ƙirƙiro a 1924 yana nuna ranar da aiki ya kauce daga yadda ya saba. Zanen ƙashin kifi kuwa jerin zato ne da aka tsara ƙarƙashin inji, kaya, ma'aikata, hanyar aiki, awo da muhalli. Yana da amfani ƙwarai wajen tattara ra'ayin ma'aikata, amma ba ya tabbatar da komai, kuma a nan mutane da yawa suke tsayawa. Idan tambayar ita ce ko danshi da karyewa suna tafiya tare, zanen ɗige-ɗige ake buƙata.

Yin sa ba wuya. A tara awo bibbiyu aƙalla sau 30, danshin shanshera da kason karyayyar da ta fita daga gare ta. Danshi a layin kwance, karyayya a layin tsaye, kowane samfur ɗigo ɗaya. Wahalar tana wajen haɗa awon. Shansherar da aka auna da safe a bakin rumbu ba lalle ba ne ita ce take fitowa daga injin gogewa a wannan sa'ar. In ba a bi kaso ɗaya daga shigarsa har fitarsa ba, an haɗa danshin wani kaya da karyewar wani, sai ɗigogin su watse a ce babu alaƙa. Haka kuma na'urar auna danshi ita kanta sai an gwada ta: samfur guda, mutum biyu ko uku, kowa ya auna sau uku. A ƙa'idar da masana'antun motoci suke bi, idan kuskuren awo ya haura kashi 30 cikin ɗari, ba a dogara da na'urar.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne lambar alaƙa ta Pearson, wadda ake rubutawa r, mai nuna ƙarfin tafiyar awo biyu tare, daga -1 zuwa +1, sifili kuwa na nufin ba ta ga alaƙa ba. Excel yana fitar da ita nan take, shi ya sa ake gaggawar yarda da ita. Amma miƙaƙƙen layi kaɗai take gani. Shinkafa kuwa ta fi casuwa da kyau idan danshinta yana wajen kashi 14 cikin ɗari. In ta fi haka jiƙa, ƙwayar tana da laushi, tana farfashewa; in ta bushe fiye da kima, tana tsagewa. Ɗigogin sai su lanƙwashe kamar ƙwarya, kuma r tana iya faɗowa kusa da sifili alhali danshin ne tushen matsalar. Francis Anscombe ya nuna wannan haɗari a 1973 da rukunin alƙaluma huɗu masu r iri ɗaya, wajen 0.82, waɗanda zanensu bai yi kama da juna ba ko kaɗan. Don haka a fara zanawa, a duba da ido, sannan a yi lissafi. Ko da layin miƙaƙƙe ne, r ta 0.7 tana nufin kashi 49 cikin ɗari na bambancin karyewar kawai danshi ya bayyana, kuma da samfur 30, duk r da ba ta kai 0.36 ba tana iya zama dace ne kurum.

Sai rarrabewa. FARO 44 da wani iri daban, turarriya da wadda ba a turara ba, layin inji na ɗaya da na biyu, aikin rana da na dare: a ba kowanne launin ɗigonsa. Sau da yawa abin da ya yi kama da hargitsi rukuni biyu ne da aka zuba wuri guda, kowanne da tsarinsa a fili. Akasin haka ma yana faruwa. A lokacin hunturu shanshera tana bushewa sosai, in kuma ya zo daidai da lokacin da robobi suka tsufa, zanen zai ɗora wa danshi laifin da robobi suke da kaso a ciki.

Wannan ne iyakar zanen ɗige-ɗige, yana nuna tafiya tare, ba ya nuna sanadi. Mai son sanadi sai ya shirya gwaji, bisa hanyar da Ronald Fisher ya assasa a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila cikin shekarun 1920. A ɗauki danshi, tazarar robobi da matsin injin gogewa, kowanne mataki biyu, ya zama gwaji 8. A maimaita sau biyu, 16 ke nan. A yi ƙuri'a wajen jera su don kada zafin inji na yamma ya faɗa kan mataki ɗaya, kuma shansherar ta fito daga kaso guda. Canza abu ɗaya a bar sauran ya fi sauƙin fahimta, sai dai ba zai taɓa nuna cewa matse robobi ya fi yin ɓarna a kan busasshiyar shanshera fiye da mai danshi daidai ba, idan haka abin yake. Bayan an sami matakin da ya fi, a tabbatar da shi a kaso uku ko huɗu na gaba, sannan a ɗora danshin shigowa a kan zanen sa ido.