Abin da ke cin kwanbata a Hilux ɗin da aka ƙara wa sifirin da manyan tayoyi

Hilux mai giyar otomatik da ke jigilar shinkafa shanshera daga fadamun Argungu da Suru zuwa Birnin Kebbi ko Jega, da wuya ka same ta yadda kamfani ya ƙera ta. An ƙara ganyen sifirin biyu ko uku a baya, an yi mata keji na ƙarfe, an sa tayoyi masu tsayi saboda yashi da taɓo. Bodi zai ɗauka, ba zai durƙushe ba. Giyabos ne ba wanda ya ƙara wa komai, kuma shi ke fara mutuwa.

Kwanbata ita ce ke tsakanin inji da giyabos, cike take da man giya. A cikinta akwai fanka da inji ke juyawa tana watsa mai, da wata fankar da man ke bugawa ta juya shaf ɗin giya, sai ƙaramar ta tsakiya mai juya man ya koma ya ƙara ƙarfi lokacin tashi. Na huɗu shi ne kuloc ɗin kullewa: idan mota ta miƙe a hanya, kwamfutar mota na sa shi ya haɗa inji da giya kai tsaye. Muddin bai kulle ba, akwai zamewa, kuma duk zamewa zafi take zama a cikin mai. Daidai yake da direban giyar hannu da ya bar ƙafarsa rabi a kan kuloc yana hawan tudu da lodi.

Yanzu a duba abin da ƙarin kaya ke yi. Tayar 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne. Ka cire ta ka sa 285/70R17, tsayi ya koma kusan 831, ƙarin kashi 7 cikin ɗari ke nan. Ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan haka, mitar gudu kuma tana nuna ƙasa da gudun gaskiya. Motar da aka ƙera don ɗaukar wajen tan ɗaya, har da direba da fasinja, sai a ɗora mata buhu 20. Dole direba ya ƙara taka totur, kwamfuta ta ga nauyi ta saki kuloc ɗin kullewa, ta kama, ta sake saki. A watan Afrilu, da zafin gari ke wuce digiri 40, lagireto ma da ƙyar yake riƙe inji, balle ya sanyaya man giya.

Man giya yana son zama tsakanin digiri 80 da 95. Daga 120 zuwa sama yana lalacewa da sauri, robobin sil su taurare, faiba, wato shafin da ke jikin kuloc mai sa shi kamawa, ta fara ƙonewa. Fitilar gargaɗin zafin man giya, A/T OIL TEMP, ba ta kamawa sai zafi ya yi nisa ƙwarai, don haka wanda ke jiran ta ya makara. Ni a ganina duk motar da aka ƙara wa sifirin, wajibi ne a sa mata mitar zafin man giya a gaban direba.

Alamar farko yawanci karkarwa ce a gudun kilomita 60 zuwa 80, totur a take kaɗan, kamar ana bin hanya mai gargada. Ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu ba tare da ka saki totur ba. In karkarwar ta ɗauke nan take, kuloc ɗin kullewa ne, domin taɓa birki na sa kwamfuta ta sake shi. In ba ta ɗauke ba, a duba fulogi, farfela (sandar da ke kai ƙarfin giya zuwa aksil) da balans ɗin taya kafin a taɓa giya. Daga baya sai allurar juyin inji ta riƙa hawa gudu bai ƙaru ba, sai jinkirin shiga D ko R da safe. In mota na mutuwa duk lokacin da aka tsaya kamar mai giyar hannu, kuloc ɗin ya maƙale a kulle. In kuwa ba ta da ƙarfin tashi sam amma ta miƙe lafiya a titi, fankar tsakiya ce ta saki. In kuloc ɗin kullewa ne ke da matsala, kwamfutar gwaji kan nuna lambar P0741, a Toyota kuma sau da yawa P2757.

A sauke farantin mai na ƙasan giyabos a duba maganaɗisun da ke ciki. Baƙin gari mai laushi kaɗan ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin faiba kuwa na nufin ɓarnar ta bazu. Man da ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ya shiga ta bututun sanyaya mai da ya huje, abin da zuba ruwan rijiya zalla maimakon ruwan sanyaya inji ke jawowa ta hanyar tsatsa. Ruwa na ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta, canjin mai ba ya gyara wannan.

Wajen gyara ne kuɗin mutane ke salwanta. A sayo giyabos ɗan kwatano, a ɗaura shi da tsohuwar kwanbata da tsofaffin bututu, dattin da ke ciki ya koma ya toshe solenoyid, wato bawul ɗin lantarki mai sarrafa man giya, bayan 'yan watanni a dawo gareji. Kwanbatar da ta ci faiba ba ta wankuwa, rufaffiya ce da walda. A canza ta. A wanke bututu da kula (na'urar sanyaya man giya) sosai, in ƙarfe ya shiga kula a sa sabuwa. A duba farantin da ke haɗa inji da kwanbata ko ya tsage kusa da kusoshi. Kafin ɗaurawa a zuba mai kamar lita ɗaya a cikin kwanbata, a tura ta ana juyawa har ta zauna a kan shaf da famfon mai gaba ɗaya. In ba ta zauna ba aka ja giyabos da kusoshi da ƙarfi, famfo zai fashe tun kafin a tayar da mota.

Mai kuma ba na haɗe-haɗe ba ne. Tsohon giyabos A340 mai giya huɗu yana shan mai nau'in Dexron ko T-IV, gwargwadon abin da aka rubuta a sandar awonsa. AC60 mai giya shida na Hilux daga 2015 WS yake sha, haka ma yawancin A750. Giyabos ɗin na cin wajen lita 10, amma kwance kusar ƙasa lita 3 zuwa 4 kawai ke fitarwa, saura na cikin kwanbata, bututu da sauran sassan giyabos. Wanda ba shi da sandar awo, ana daidaita mansa ta kusar ambaliya, inji na aiki, mota a daidai, a zafin da littafin motar ya faɗa. Motar lodi a canza mata mai duk kilomita 40,000, kada a jira ya yi baƙi.

Bayan gyara a ƙara kula ta biyu a gaban lagireto, man ya bi ta lagireto tukuna sannan ya bi ta cikinta. A yashi da taɓo a sa 4L, giyar ƙarfi ta taya huɗu, kada a yi ta nishi a D. Da lodi a kan titi a riƙe giya ta huɗu a masu giya biyar ko shida, a kashe O/D, wato giyar sama, a mai huɗu. In an dage sai manyan tayoyi, a canza haƙoran aksil na gaba da na baya su dace da su. In kuma motar ta mutu a hanya, a kwance farfela kafin a ja ta da nisa, domin famfon mai ba ya juyawa sai inji na aiki.