Abin da jajayen ƙwayoyin jini suka koya mini game da sukari

A shekarata ta farko a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, an kawo mini jinin wani dattijo mai ciwon sukari da aka kwantar cikin dare a galabaice. Na'ura ta nuna cewa jajayen ƙwayoyin jininsa sun wuce girman da aka saba, har na ɗauki biro zan rubuta a binciki ƙarancin bitamin B12, sai shugabar sashenmu ta leƙo ta ce, "Malam, duba sukarinsa tukuna." Da na duba, ya haura miligiram 600 a kowace desilita. Ta sa na surka jinin, na bar shi na wasu mintoci kafin in sake aunawa, sai ga girman ya sauko.

Daga baya na fahimci dalili. Sukari yana shiga jar ƙwaya ta wata kafa da ke jikin fatarta ba tare da taimakon insulin ba, don haka duk yawan da ke cikin ruwan jini, kusan haka yake a cikinta. Da aka jefa ƙwayar cikin ruwan na'ura wanda ba shi da sukari, ruwa ya riga ya kwarara ciki kafin sukarin ya fita, sai ta kumbura.

Tun daga ranar hankalina ya koma kan wannan fata. Faɗin jar ƙwaya bai wuce maikiromita 7 zuwa 8 ba (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), amma dole ta lanƙwashe ta ratsa hanyoyin jini da suka fi ta ƙanƙanta, ta kuma matse ta wuce ta tsagogin saifa, tana yin haka har kimanin kwana 120. Abin da ke ba ta wannan laushi wata raga ce ta furotin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin fatar. Babban abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ƙwayar da ta balaga ba ta iya ƙera sabon furotin, saboda haka duk abin da ya lalace a jikinta haka za ta ɗauke shi har ƙarshen kwanakinta. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, yakan manne wa himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin ƙwayar, kuma wannan mannewa ita ake aunawa a gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sukarin watannin baya, wanda aikin masanin kimiyya Samuel Rahbar na 1968 ya buɗe ƙofarsa, kuma yakan manne wa furotin ɗin fatar, ya raunana famfon da ke jikin fatar mai fitar da sodiyam (sinadarin gishiri) daga cikin ƙwayar, kitsen fatar ma ya gurɓace. Ƙwayar sai ta sandare.

Na ga alamar haka da idona a gwajin ruwan gishiri. Mukan jera kwalabe daga mai gishiri kashi 0.9 cikin ɗari zuwa ƙasa, mu ɗiga jini a kowace; idan gishirin ya yi ƙasa, ruwa yakan shiga ƙwayoyin har su fashe, ruwan ya yi ja. A jinin mai lafiya, ruwan yakan fara yin ja a wajen kashi 0.45, ƙwayoyin su gama fashewa a wajen 0.3. A jinin waɗanda sukarinsu ya daɗe ba a shawo kansa ba, sau da yawa nakan ga jan ya bayyana tun kafin a kai nan.

Duk da haka, sukarin nan shi kaɗai ne abincin jar ƙwaya. Da shi take samun ƙarfin tafiyar da famfonta, da shi kuma take kare fatarta. Shi ya sa ledar ajiyar jini mai ruwan CPDA-1 take ɗauke da sukari don jinin ya kai kwana 35, kuma jinin da aka bari a kan teburi yake rasa kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na sukarinsa a kowace awa, sai fa in an zuba shi a kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke ɗauke da sinadarin da ke hana ƙwayoyin cin sukarin.

Wannan fahimta ta sauya yadda nake fitar da sakamakon HbA1c a nan arewa, inda sikila ta yawaita. Ƙwayoyin mai sikila sukan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kuma nau'in himogulobin ɗinsa daban ne, don haka ma'aunin zai iya ɓoye sukarin da yake sama. Yanzu ba na sa hannu sai na duba nau'in himogulobin ɗin mutum, na kuma tambaya ko an yi masa ƙarin jini a watanni ukun da suka wuce, idan akwai ɗaya daga ciki in rubuta wa likita cewa a auna sukarin kai tsaye da safe kafin karin kumallo.